Shekara uku ina kai Baffa gashi: wurin, mutanensa, da rajistar da suka sa mu a ciki

Ranar Talata ce ranarmu. Tun kiran assalatu nake tashi in dama kunu, in yi wa ɗana Baffa wanka, in cusa zani biyu da tawul ɗin goge miyau a jaka, ƙarfe bakwai ta yi mana a cikin adaidaita sahu. Shekara uku ke nan da 'yan watanni muna wannan sintiri zuwa sashen gashin ƙashi na yara a wani babban asibiti a garinmu, saboda wata larurar ƙwaƙwalwa da ta shafi motsin jikinsa. Mata da yawa sun tare ni, a gidan suna, a makaranta, har a layin markaɗe, suna tambaya ko wurin ya kai a sha masa wannan wahala, da kuma zancen rajistar da aka ce ana saka sunayen yara a ciki. To ga amsata a wuri guda. Sunan asibitin dai ba zan faɗa ba, saboda akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma mutanen nan su zan sake miƙa wa ɗana Talata mai zuwa.

Ni malamar firamare ce, aji uku nake riƙewa. Hedimastanmu, Allah ya saka masa da alheri, shi ya ɗauke mini darussan safiyar Talata.

Shawara ce ta kama Baffa yana da kwana uku a duniya. Na ga idonsa ya yi ruwan ɗorawa, na faɗa, aka ce ai kowane jariri yana yi, a riƙa fitar da shi hantsi ana ba shi ruwan gulukos. Muka yi hakan. A kwana na shida ya saki nono, ya shiga wani kuka mai tsini yana banƙarewa ta baya. Kafin a kai ga sa shi ƙarƙashin fitila a canza masa jini, abin ya riga ya hau ƙwaƙwalwa. A gadon asibiti ranar suna ta same mu. Daga baya gwaji ya nuna yana da ƙarancin wani sinadari na jini da ake gado, G6PD suke ce masa, wanda ya fi bayyana a 'ya'ya maza. Wata likita ta tambaye ni ko ina ajiye kayan jariri da kafur. Wace mai jego ce ba ta yi? Tun cikin yana wata bakwai na jera akwatin nan, ƙwallayen kafur a kowane lungu. Ashe ga jariri mai irin jininsa, kafur ɗin nan yana iya farfasa ƙwayoyin jini, shawarar ta yi tsanani. Mai ciki da ke karanta wannan, ki fitar da shi daga akwati yau, kuma idan idon jaririnki ya canza launi, asibiti za ki nufa a ranar, ki ƙyale zancen hantsi.

Sunan larurar ma abin jayayya ne. A asibiti Si-Pi suke cewa, taƙaicen sunanta na Turanci, cerebral palsy. A unguwa wasu su ce shan inna, wasu su ce galahanga, kalmar da aka ɗora wa kaya har suka yi mata yawa, don duk yaron da ba a gane kansa ba ita ake liƙa masa. Da ya kai wata takwas bai tsai da wuya ba, wata tsohuwa ta zo har tsakar gida ta ce ɗan ruwa ne, a kai shi bakin kogi a gani. Surukata Hajiya ce ta raka ta zaure da kalmomin da ba zan rubuta ba. Sunan mijinta marigayi aka sa wa yaron, har yau kuma "maigidana" take ce masa. Yadda aka bayyana mini a sashen gashin, rauni ne da ya sami ƙwaƙwalwa tun tana ɗanya, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwa, sai ya shafi motsi da tsayuwar jiki. Raunin ba ya ƙaruwa, ba ya kuma gogewa, amma jikin da ke ɗauke da shi yana girma, kuma a nan matsalolin suke sauya kama. Yawancin yaran, wajen kashi 80 cikin 100, jikinsu a sandare yake. Na Baffa irin wanda shawara ta fi bari ne: jikin murɗewa yake yi, in ya so ya kama kofi sai hannun ya tafi wani waje kamar ba nasa ba. Kansa kuwa ras. Ya san kowa a gidan, ya san ranar Talata, yana ganin jakar nan zai fara ɓata rai.

Wurin kansa ɗaki ne mai faɗi guda ɗaya da baranda. Katifu huɗu a ƙasa masu rigar leda, babbar ƙwallo mai launin shuɗi, ƙarafa biyu na koyon tafiya, da katakon tsayuwa guda biyu da kafinta ya haɗa, ɗaya maɗaurinsa ya tsinke an maye shi da ɗankwali. Fanka tana juyawa idan akwai wuta. Tsabta ba laifi, ana goge katifa tsakanin yaro da yaro, na gani da idona. Abin da ke cin rai shi ne jira. Idan kin iso bakwai da rabi, ki sa ran shiga wajen goma, sannan ki fito bayan minti ashirin ko talatin. Benci uku ne a barandar, yaran nan kuma ba masu zama a benci ba ne, don haka kowace uwa tana rungume da nata har hannu ya sage. Kuɗin da ake biya a taga bai taɓa damuna kamar kuɗin mota ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, fuskoki da yawa da na saba gani sun ɓace daga bencin nan, musamman masu zuwa daga ƙauyuka. Wata takan taho da yaro ɗan shekara shida a goye, mota biyu take shiga. Rabona da ita tun kafin azumin bara.

Ma'aikatan dindindin uku ne, sauran ɗalibai ne masu zuwa su wuce. Babbar cikinsu, wadda duk muke ce wa Likita ko da yake ta sha gaya mana aikinta gashi ne, ita ce dalilin da ya sa ban daina zuwa ba. Ranar farko na zaci za ta karɓe shi ta murza shi ta miƙo mini, kamar yadda ake kai wa mai ɗori. Sai ta ce in cire mayafi in hau katifar. "Maman Baffa, ni minti ashirin nake da shi a mako. Ke kina da sauran. Idan ban koya miki ba, wasa muke yi." Ta nuna mini yadda zan ɗauke shi a naɗe, gwiwoyi a lanƙwashe, don kada ya banƙare, yadda zan kwantar da shi a kan cikinsa da naɗaɗɗen tawul a ƙirji, yadda zan riƙe kafaɗarsa idan yana son kai hannu ga abu, ba in kama hannun in ja ba.

Darasin da ya fi kowane amfani shi ne na ciyarwa. A lokacin ɗura muke yi masa, ni da Hajiya, a kwance a cinya, kunu tsararo, yana shaƙewa yana tari muna cewa ƙiwa ce. Sau biyu aka kwantar da shi da ciwon haƙarƙari ba mu haɗa abin da ɗurar ba. Likita ta sa na kawo kunun, ta ce in ba shi a gabanta. Cokali biyu ta tsai da ni. Ta ce abin da nake zubawa wani yana bin hanyar numfashi ya gangara huhu. Ta zaunar da shi a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuya, ta ce a ƙara wa kunun kauri, ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Cin abinci ya koma ɗaukar minti arba'in, amma tun daga lokacin ba mu sake kwana a asibiti saboda ƙirji ba. Kujerar da yake ci a kai ma a nan aka yi mana ita, da kwali da tsofaffin takardu da kullun fulawa, aka shafe ta da fenti. Na raina ta da na gan ta. Shekara biyu ta yi kafin ya fi ƙarfinta.

Akwai ranar da na yi tambayar da kowace uwa a bencin nan take yi. Yana da shekara biyu da rabi. Na ce, "Likita, don Allah ki gaya mini gaskiya, zai yi tafiya?" Kafin nan na riga na kai kuɗi da rago wurin wani mai magani da ya yi alkawarin kwana arba'in. Ta juya bayan katinmu ta ja layi biyar. Ta ce akwai ma'auni da masana a jami'ar McMaster ta Kanada suka fitar a 1997, duk duniya da shi ake aiki. Mataki na ɗaya, yaro yana tafiya ba tare da wani cikas ba. Na biyu, yana tafiya amma sai ya dafa wajen hawa bene, nisa kuma yana ba shi wuya. Na uku, sai da sanda ko abin turawa. Na huɗu, yana iya zama idan an tallafe shi, amma zirga-zirgarsa a keke ce. Na biyar, ko wuyansa sai an riƙe masa. Ta ɗora biro a kan na huɗu. Ta ce yawancin yara a matakinsu suke zama, gashi ba ya tsallakar da yaro daga huɗu zuwa ɗaya, amma yana hana gaɓoɓi ƙagewa, yana sa ya yi iyakar abin da matakinsa zai bari. "Ikon Allah ya wuce takardata," in ji ta, "amma abin da na sani ke nan." Na yi kuka tun daga ƙofar asibiti har gida, mai adaidaita yana ta ba ni haƙuri bai san dalili ba. Duk da haka ita ce mutum ta farko da ba ta sayar mini da fata ba, kuma daga ranar kuɗin da nake zubarwa wurin masu alkawari ya koma asusun keke.

Yanzu zancen rajista, wanda a kansa ne nake da magana mai tsawo.

A 2023 wata budurwa ta fara zama a ƙarshen baranda da kwamfutar hannu. Aka ce ana tattara bayanan yara masu Si-Pi ne a kundi guda domin bincike. Ta miƙo mini takardar amincewa, shafi biyu, da Turanci. Ni na karanta. Matar da ke kusa da ni an taƙaita mata cikin minti biyu da Hausa, ta dangwala yatsa. Don in yi adalci, yarinyar ta faɗa a fili cewa wadda ba ta so tana iya ƙi, kuma ba abin da zai taɓa gashin ɗanta. Amma uwar da ta kwana tana addu'ar a duba mata yaro, wa za ta ce wa a'a a cikin asibiti? Fassara takardar nan zuwa Hausa, a buga ta da boko da ajami, bai kai kuɗin kwamfutar da ke hannunta ba.

Tambayoyin sun ɗauki kusan awa guda. Na je awo? Sau nawa? A ina na haihu, awa nawa na yi ina naƙuda, ya yi kuka da ya faɗo? Yaushe shawarar ta fara, kwana nawa kafin mu je asibiti? Yana jijjiga? Ni da maigidan 'yan uwa ne? Yana ji, yana gani, me yake ci, yana zuwa makaranta? Ta auna nauyinsa da damtsensa da zagayen kansa, ta rubuta mataki na huɗu. Abin mamaki, na ji daɗin zaman. Ban taɓa ba wa kowa labarin nan tun daga farko har ƙarshe ba tare da an katse ni da "sai haƙuri" ba. Da ta zo kan tambayar kwana nawa, na ce uku, ta rubuta 3 ba ta ɗago ta kalle ni ba, na kuwa gode mata a raina.

Daren nan na kasa barci, na ɗauki waya na shiga neman ko me ake yi da irin wannan kundi a wasu ƙasashe. Na daɗe ina wannan karatu, dare bayan dare, idan Baffa ya farka ina jijjiga shi da ƙafa. A yammacin Ostireliya wata likita, Fiona Stanley, ta fara irinsa tun ƙarshen shekarun 1970, daga baya a 2008 jihohin ƙasar suka haɗa nasu wuri guda. Da shi suka iya nuna cewa larurar ta ragu a wurinsu daga kusan yaro 1 cikin 400 zuwa 1 cikin 700, bayan an inganta kula da masu ciki da bakwaini. Da shi kuma suka gano cewa a can wahalar haihuwa kaɗan ce daga cikin musabbabai, alhali a da ita ake ɗora wa kusan komai. Ƙasashen Turai sun haɗa rajistocinsu tun 1998 don su riƙa magana da ma'auni ɗaya. Amma ki zauna a bencinmu ki tambayi mata goma, za ki ji doguwar naƙuda a gida, jaririn da bai yi kuka ba, shawara, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya kai ga jijjiga. Lissafinsu ba zai yi mana aiki ba. Shi ya sa ban yi nadamar sa hannu ba, kuma har gobe idan aka tambaye ni zan ce a saka sunan yaro.

Na Suwidin ne ya tsaya mini a rai. A kudancin ƙasar, a 1994, likitocin ƙashi da masu gashi suka lura yaran nan da yawa ƙashin cinyarsu yana zamewa daga gurbinsa a ƙugu, sannu a hankali, ba a farga sai ya goce gaba ɗaya, yaro ya kasa zama saboda azaba. Sai suka tsara cewa duk yaron da ke cikin kundinsu za a riƙa kiransa a duba shi, masu mataki na uku zuwa na biyar a yi musu hoton ƙugu a kai a kai, da an ga ƙashin ya fara fita a tare shi. Gocewar ƙugu ta sauko daga kashi 8 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 1. Ba wani sabon magani suka ƙirƙiro ba. Suna da sunan yaro, suna da matakinsa, lokaci ya yi su kira uwarsa.

Mu kuwa ba wanda ya kira mu. Shekara ta zagayo, ta biyu ta kama, lambar wayata tana cikin kwamfutarsu, mataki na huɗu yana rubuce. Ni ce da kaina na lura wajen canza masa famfas cewa ƙafar hagu ba ta buɗewa kamar ta dama, kuma yana ɓata fuska idan na matsa. Na gaya wa Likita. Ta duba, ta rubuta mana hoton ƙashi a ranar. Sakamakon ya nuna na hagun ya fara leƙowa, bai kai inda za a yi zancen tiyata ba, amma dole a riƙa sa ido. Na ce mata, "Likita, ba yana cikin rajistarku ba? Me ya sa ba a neme mu tun bara ba?" Ta yi ajiyar zuciya. Ta ce waccan ta bincike ce, ba ta bibiya ba, kuɗin da aka bayar na ɗan lokaci ne kuma ya ƙare, yarinyar ma ta sami wani aikin. Ban ga laifin Likita ba, mutum uku ne a kan yara fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Amma wanda ya tsara abin ya karɓi labarin haihuwata, da kuɗin shigar gidana, da zagayen kan ɗana, bai tanadi ko saƙon waya ɗaya da zai dawo mini ba. A aji, idan na kira suna aka yi shiru kwana uku a jere, nakan tura yaro gidansu a ji ko lafiya. Ban san amfanin rajistar da ba ta yin ko wannan ba, in ban da cika takardar wani.

Haka zancen ji. Sanannen abu ne cewa shawara mai tsanani tana taɓa kunne, amma sai da Baffa ya kusa shekara uku aka tura mu gwajin ji, shi ma don na yi ƙorafin ba ya juyowa idan na kira shi daga baya. Kowane sashe da katinsa, da ranarsa, da layinsa. Uwa ce kaɗai igiyar da ta haɗa su.

Sai ɗalibai. Allah ya ba su sa'a, na san dole su rubuta kundin kammala karatu, ni ma na yi. Amma sau uku daban-daban ana tare ni da takardar tambayoyi a kan "damuwar masu kula da yara", tambayoyi kusan iri ɗaya: kina barci, kina kuka, kina jin kin gaji da rayuwa? Ki buɗe cikinki ga yaron da bai kai ƙaninki ba, ya ce na gode, ya tafi. Ko sau ɗaya ba a dawo an ce ga abin da muka gano ba. Takarda guda a manne a bango da Hausa ta isa. Wata rana kuma na juya zan ɗauko tawul, na waiwayo na ga wani ya saita waya yana ɗaukar bidiyon Baffa, daga shi sai famfas, jikinsa yana murɗewa. Na ce wa ya ba ka izini? Ya ce don karatu ne. Likita ta ji, ta sa ya goge a gabana, ta kuma yi masa faɗan da har na ji tausayinsa. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya, kuma bayanan lafiya suna cikin waɗanda ta fi tsanantawa a kansu. Ko babu doka ma, ɗan mutum ne.

Abin da ya fi damuna da kundin nan shi ne waɗanda ba sa ciki. Wanda ya iso baranda kaɗai ake rubutawa, wato wanda uwarsa ke da kuɗin mota da izinin miji. A layinmu kaɗai na san gida biyu da ke da irin yaran nan a ɗakin baya, ko maƙwabta ba su cika ganinsu ba. A Bangladesh, da suka fara tasu rajistar a 2015, ba su zauna jiran asibiti ba. Sun horar da mutanen gari, malaman makaranta da limamai da ma'aikatan lafiya, su nemo yaran a kawo su a duba, suka samu 3.4 cikin kowane yara 1,000, sama da abin da ake gani a ƙasashe masu arziki. Daga baya Gana da Nefal da Indunusiya suka bi sahu. A gabashin Yuganda an bi gida-gida, binciken da aka fitar a 2017 ya samu 2.9 cikin 1,000, da aka koma bayan 'yan shekaru kuma aka tarar yaran nan suna mutuwa ninki 25 fiye da sa'o'insu. A nan gida an yi irin wannan nema a jihar Kuros Riba, aka samu 2.3. Mu a Arewa ai ba baƙin wannan aiki ba ne. Shekara nawa muka yi ana buga mana ƙofa ana ɗiga wa yara maganin shan inna, wato foliyo, ana rubuta alli a bango, ana cigiyar duk yaron da ƙafarsa ta saki, har aka kai ga sanar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka a watan Agustan 2020? Watanni kaɗan bayan nan na haifi Baffa. Matan nan masu hijabi da akwatin ƙanƙara sun san kowane zaure. Tambaya ɗaya za a ƙara musu.

To, in je ko kar in je? Ki je. Ki je da wuri, kada ki jira ya shekara biyu kamar yadda ake cewa wai namiji ne, nauyin jiki ne. Yaron da ya sha wahalar haihuwa, ko ya yi shawara mai tsanani, ko ya wuce wata huɗu zuwa biyar bai tsai da wuya ba, a kai shi a duba. Ki tafi da abincinsa da naki, da zanin shimfiɗa, da littafi. Littafin nan ya fi komai: ki rubuta duk abin da aka koya miki, ki sa a rubuta miki matakinsa, ki tambayi yaushe za a yi hoton ƙugu, yaushe gwajin ji da na ido. Idan ɗalibi ne ya karɓe ku, ki roƙa babba ta leƙo ko sau ɗaya a wata. Idan aka kawo takardar bincike, ki ce a karanta miki ita duka, ki tambayi wa zai ga bayanan da kuma abin da zai dawo miki. Ba rashin kunya ba ne. Maza kuma, a shekara uku ban ƙirga uba goma a barandar nan ba. Yaron da ya kai kilo goma sha biyar yana banƙarewa, bayan mace ɗaya ba zai ɗauke shi har abada ba. Maigidana ya fara raka mu ran da na kwanta ciwon baya, yanzu shi yake ɗora shi a katakon tsayuwa da yamma.

Hoton ƙugu na gaba a watan Maris ne. Na rubuta shi a bangon ƙarshe na rajistar ajina, inda nake gani kullum.

Talatar da ta wuce ban tafi ni kaɗai ba. Wata huɗu ina lallaɓar maƙwabciyata mai yarinya irin Baffa, Hajiya kuma ta je ta sami mijin da kanta, har ya yarda. Yarinyar shekararta bakwai, ƙafafunta a harɗe kamar almakashi, rabonta da fita ƙofar gida tun tana goye. Duk hanya idonta na kan titi. Bayan an yanki kati na tambayi ina mai kwamfutar, aka ce kwamfutar tana kulle a ofis. Likita ta jawo wani babban littafi mai baƙin bango daga aljihun tebur, wanda ta ce ita ta saya da kuɗinta take rubuta sababbin zuwa, ta ja layi da rula ta ƙara gurbin lambar waya da na watan hoto. Ta buɗe biro ta ce, "Maman yarinya, ya sunanta?" Matar ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. 'Yar fari ce. Ni na faɗi sunan.